Kauɗata tana baƙi da tsami, kuma ana ɗibar mini shanya: ina mafita?

Uwar Biyu, Garin Malam

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kayan lambu sun cika gari, a Kasuwar Dole ta Damagaram tumatir da shu (kabeji) da karoti har neman kai ake da su, alhali kowa ya san da an shiga damina tumatir sai mai hali. Ina son in yi tanadin da zai riƙe gidan mutum 8 daga farkon damina zuwa kaka, amma abu uku sun tsaya mini.

Na farko kauɗa, wato busasshen tumatir. Tawa tana fitowa baƙa, miyarta da tsami da ɗan ɗaci, wani lokaci kuma a buɗe buhu a tarar da fumfuna a tsakiya. Me ke kawo haka? Na biyu, shin shu da karoti suna shanyuwa kamar zogala da kuɓewa, kuma yaya ake dafa su bayan sun bushe har yara su ci ba sai an yi faɗa ba? Na uku shi ne abin haushin. Tsakar gidanmu ƙarama ce, rana ba ta daɗewa a ciki, dole a kai shanya ƙofar gida, kuma kullum aka je kwashewa sai a ga ta ragu. Ba na son in zargi maƙwabci a banza. Wanda ya san kan abin ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Kauɗa, Birni

Wa alaikumus salam ɗiyata. Baƙin kauɗa da tsaminta, rabinsu tun a kasuwa ake sayo su. Mata da yawa sai sun bari yamma ta yi su kwashi gindin kwando, wanda ya farfashe yana tsiyayar ruwa, wai ai shanyawa za a yi. Tumatir da ya fara ruɓa rana ba ta gyara shi, busar da ruɓar kawai take yi. Ki zaɓi wanda ya nuna ja sosai amma da taurinsa. Dogon nan mai tsoka ya fi kewayayye mai ruwa. Wanda kika latsa ya lotsa bai taso ba, na miyar yau ne.

Ki yi lissafi kafin ki kira mai amalanke. Tumatir kusan duk ruwa ne, kilo 10 na ɗanye ba ya cika kilo 1 in ya bushe, abin da kike samu bai wuce giram 700 ba. Tukunyar mutum 8 tana cin tafi biyu, kusan giram 70. In kina jar miya sau 3 a mako na tsawon wata 5, tukunya 60 ke nan, wato kauɗa kilo 4 da ɗoriya, ɗanye kuma kilo 60. Kada ki saye shi rana ɗaya. Kilo 10 zuwa 15 a kowane zubi, iya abin da wurin shanyarki zai ɗauka ba tare da yanka ya hau yanka ba.

A wanke shi kafin yanka, a bar shi ya tsane. Bayan yanka ruwa bai ƙara taɓa shi. Yankan kuma da sassafe ake yi, ƙarfe 8 ya zamana yana cikin rana, don fuskar ta wuni tana shan zafi ta yi fata kafin dare. Yankan la'asar shi ne uban tsami, domin tumatirin yana kwana da ruwansa ya fara tsimuwa, kuma in ya tsimu ko kwana goma ya yi a rana tsamin nan ba ya fita. Ƙanana a raba biyu a tsaye, manya a raba huɗu, kauri kada ya wuce na ɗan yatsa. Ki ƙwaƙule gurbin hancin. In mai ruwa ne ki ɗan matse 'ya'yan a kwano, su shiga miyar ranar. Ki jera fuskar yanka tana kallon sama, ki barbaɗa gishiri cokalin shayi ɗaya a kowane kilo. Gishirin yana janyo ruwan waje da wuri.

Sai abin da ake shanyawa a kai, nan ne sauran rabin baƙin yake. Kan tol, wato kwanon rufi, haramun ne ga kauɗa: ƙarfen yana ɗaukar zafi ya ƙona gefen da ya taɓa shi, tsamin tumatir kuma yana cin ƙarfen, ki samu baƙi da ɗaci a tare. Leda ma ba ta yi, ruwa yana kwanciya a ƙarƙashi, sama ta bushe ƙasa tana dahuwa. Ƙasa kuwa ba sai an faɗa ba, miyar da ake jin yashi a haƙori daga nan take. Ki sa a kafa miki ɗan gado na itace tsayin ƙugu, ki shimfiɗa asabari ko sabuwar tabarmar kaba, iska ta shiga ta ƙasa da sama. Ki ɗaura farin mayafi shara-shara a kan sanduna ya rufe shi ba tare da ya taɓa ba, saboda ƙuda da ƙurar hunturu.

Ranar farko ba a juya shi. A rana ta biyu da yamma a juya. Da iskar sanyin nan kwana 4 zuwa 6 ya isa, in hazo ya rufe rana yana iya kai mako, kuma ba komai tunda iskar busasshiya ce. Kullum da magariba ki shigar da shi ɗaki a shimfiɗe kamar yadda yake, kada ki tara shi a kwano ya kwana.

Fumfunar tsakiyar buhu kuwa, yanka biyar ko goma masu kauri da ba su gama bushewa ba su ke jawo ta, su raba wa sauran laimarsu. Ki ɗauki mafi kauri ki lanƙwasa. In ya lanƙwasu ba danshi a yatsa, ya yi na jiƙawa. In na daka kike so, sai ya karye ƙas. Kafin ajiya ki zuba a kwalba ki rufe mako guda kina girgizawa kullum, da kin ga gumi a jikin kwalbar ki mayar rana. Kuma ki rabu da buhu. Buhu yana yi a rani, amma da damina ta sauka yana shan laimar ɗaki. Bidon, wato jarka, mai murfi, wankakke, wanda ya bushe ƙarau, a ajiye inda ba haske. Gara ƙananan bidon huɗu da babba ɗaya, don wanda ake buɗewa kullum shi ke fara lalacewa. Wadda ta yi fumfuna a zubar, wankewa ba ta mayar da ita abinci.

Tattasai ni ba na ba ki shawarar wahala da shi. Busasshen na Diffa yana zuwa buhu-buhu duk shekara, kuma ya fi wanda za ki shanya a gida ja da ƙamshi. Ki dai fasa biyu ko uku a gaban mai sayarwa, domin tattasai ta ciki yake yin fumfuna, waje yana sheƙi.

Mai Lambu, Mirya

Hajiya ta gama da kauɗa, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗauki maganar ɗiba, ƙanwata, don mu masu lambu da ita muke kwana.

Kafin ki ce mutum ne, ki tabbata ba akuya ba ce. Akuya ba ta da tsari: tana jan tabarma, ta zubar, ta tauna ta bar guntaye, sau da yawa ta bar kashinta shaida. Kaji suna tsattsage tsakiyar yankan su bar fata. Ɗan Adam kuwa a tsare yake ɗiba, daga gefen da ya fi kusa da hanya, sannan ya baza sauran don ya rufe gurbin. Wannan bazawar ita ke tona shi. In kin jera layi-layi kin san yawan layukanki, da kin ga jeri ya wargaje amma ba ko ɗaya a ƙasa, hannu ne. Ki share yashin da ke kewaye da gadon shanyar ya kwanta lif, ko ki barbaɗa toka. Sawun zai gaya miki yaro ne ko babba, da takalmi ko babu. Mafi yawan ɗibar ƙofar gida ta yara ce, kauɗa mai gishiri da ta yi kwana uku a rana daɗi gare ta a baki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan magana ce tsakaninki da uwar yaron, a cikin ɗaki.

Ɓarawon gaske, mai zuwa da buhu, abin da ke kayar da shi shi ne bai san kayan da ya ɗauka ba. Kayan lambu ba kuɗi ba ne da za a sa a aljihu a yi shiru. Suna da wari, suna zuba, suna ruɓewa, kuma dole a rabu da su cikin kwana biyu. Wanda ya kwashi kauɗar da ba ta gama bushewa ba, cusa ta yake a leda ya ɗaure ya tura ƙarƙashin gado, don ba shi da halin shanya ta a fili. Kwana biyu ta yi zafi ta tsimu, ƙuda ya cika ƙofar ɗakin, duk gidan a san akwai abin da aka ɓoye. Wanda ya tumɓuke albasa da dare bai san an ba ta ruwa da yamma ba, bai kuma san wuyanta bai faɗi ba. Albasar ajiya sai an yanke mata ruwa, ganye ya kwanta, an cire an bar ta a inuwa wuya ya bushe kafin ta shiga rudu, rumbun ajiyarta. Tasa kuwa da ɗanyen wuya da laka a jiki, duk dillalin da ya gani ya san ba mai lambu ya cire ta ba. Ga warin lawashi da ke kama riga da hannu, sabulu ɗaya ba ya fitar da shi.

Sannan kasuwa. Ɓarawo yana ganin kasuwa taron jama'a ne da za a ɓace a ciki, bai san 'yan gwari sun fi kowa sanin juna ba. Mai lambu da dillalinsa shekara da shekaru suke tare. Dillali ya san buhun kowa, ya san ɗinkin bakinsa, ya san ƙullin igiyarsa, ya san wanda ya shuka dogon tumatir bana da wanda ya shuka kewayayye. Kauɗa ma haka, yankan kowace mace daban. Sai ga baƙon fuska ranar Lahadi a kasuwar Mirya, ko ranar Alhamis a Damagaram, da kaya a buhun wani, bai san farashin ranar ba, an taya shi rabin kuɗi ya ce a kawo. Mai kaya ba ya sallamawa a tayin farko. Dillali sai ya ce zauna a kawo canji, ya tura yaro ya kira mai buhun.

Akwai masu barin shaida da kansu. Ƙasar lambu jiƙaƙƙiya ce, tana riƙe sawu fiye da kowace ƙasa, kuma silifa da aka yi wa ɗinki ko aka sa wa ƙusa a hanci ba ta da ta biyu a gari. Tsohon buhu mai huda yana zubar da ɓawon albasa ko yankan kauɗa tun daga shinge har ƙofar da ya shiga. Wani ya tsallake darni wayarsa ta faɗi, ga layi da katin ɗan ƙasa ake yankarsa, kafin ma a kai ga hukuma sai uwarsa ta kira tana tambayar ina ya kwana. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai zuwa da jaki: a ji motsi, ya ruga ya bar dabbar, da safe a kwance jakin a bi shi a baya. Jaki gida ɗaya ya sani. Masu ɗaukar injin ban-ruwa ko faifan sola kuwa, wurin mai gyara suke ƙarewa, kuma mai gyaran nan shi ya canja wa injin ɗin kaya bara, ya san shi kamar ɗansa. Yanzu har da masu ɗaukar hoton kayan su sa a WhatsApp wai na sayarwa ne, a zauren da mai kayan yake ciki.

Don haka abin yi kaɗan ne. Ki sa wa buhunanki da bidon ɗinki alama da fenti a inda ba a lura, ta ciki ko a gindi. Mai inji ya rubuta lambar jikinsa ya ajiye. In an yi ɗiba babba kada a tattake wurin, a kifa ƙwarya a kan sawun da ya fi fita, a kira mai unguwa ya gani da idonsa, a sanar da dillalai tun kafin kasuwa ta ci. In abin ya wuce sulhu, a cikin gari komisariyar 'yan sanda, a ƙauye jandarma. Dukan ɓarawo ba naku ba ne, taron da ya fara da mari ba a san inda yake tsayawa ba, mai kaya sai ya koma shi ake tuhuma. Kuma don Allah kada kowa ya ba ki shawarar barbaɗa maganin ɓera a shanya ko ja wa shinge wayar kuran, wato lantarki. Yaron maƙwabci ko akuyarsa su ke fara isa. Mai saye ma ya kula, sayen kayan sata da sani laifi ne a dokar ƙasar nan, arahar da ta wuce hankali a tambayi asalinta.

Mafi sauƙi dai, ku haɗu ku uku ko huɗu a layinku ku yi shanya rana ɗaya a wuri ɗaya, tsohuwa ɗaya ta zauna a inuwa da carbinta. Ba a ɗibar shanyar da ke da ido.

Uwar Biyu, Garin Malam

Na gode Hajiya, na gode Yaya. Lallai kan tol nake shanyawa, yankan kuma sai bayan la'asar in an gama aiki. Saura maganar shu da karoti da yadda ake dafawa, iyayena mata.

Inna Mai Tuwo, Zango

Ɗiyata, shu da karoti suna shanyuwa, amma ba a kai su rana ɗanyu. Sai an tsoma su a tafasasshen ruwa tukun, in ba haka ba shu ya koma ruwan ƙasa da wani wari, karoti ya koɗe ya zama itace. Shu a raba huɗu, a cire zuciyar, a yanka siriri. Ruwa yana tafasa da ɗan gishiri ki zuba a matsami ki tsoma minti 2, ki fitar ki tsoma a ruwan sanyi, ki tsane sosai, ki baza. Karoti a kankare a yanka falle-falle, shi minti 3 zuwa 4. Kada ki cika tukunya, kaɗan-kaɗan, don ruwan kada ya daina tafasa. Kwana 2 zuwa 3 sun bushe. Karoti kada ki yi da yawa, ba ya kai shu auki kuma launinsa yana gudu in ya daɗe, na dafa-duka kawai ya isa.

Zogala ita inuwa take so. A zage ta daga sanda, a wanke, a baza a ɗaki mai iska kwana 3 ko 4. Wadda ta sha rana fari take yi, amfaninta ya ragu. Haka yakuwa da rama da lalo. Kuɓewa ki zaɓi ƙarama wadda bakinta ke karyewa in an lanƙwasa, tsohuwa ko an daka ta zare ne. Ki ajiye ta a yanke, ki riƙa daka na wata guda, don garin da ya daɗe yauƙinsa mutuwa yake.

Miyar kauɗa ta mutum 8: tafi biyu na kauɗa, tattasai busasshe 5 ko 6 da aka cire wa 'ya'ya, albasa 2, attarugu gwargwadon bakin gidanku. Ki ɗauraye kauɗa da tattasai sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, ƙura kawai ake cirewa. Ki jiƙa su a ruwan zafi minti 30, ki niƙa da ruwan jiƙon, don daɗin yana cikinsa. Man gyaɗa ludayi ɗaya, albasa ta fara yin ja, sai niƙan ya shiga. Nan ake kuskure. Kauɗa ta fi ɗanyen tumatir saurin kamu, zaƙinta ya taru wuri ɗaya, in wuta ta yi yawa gindin tukunya ya ƙone ɗacin ya bi miyar duka. Wuta kaɗan, ana juyawa, minti 20 zuwa 25, har mai ya taso sama. Sannan daudawa, gabu, ruwan nama. Kada ki sa gishiri sai kin ɗanɗana, kauɗar da nata ta zo. In da sauran tsami, kanwa kamar ƙwayar wake a jiƙa a tsiyaya ruwan.

Yara kuwa ta dambu ake kama su. Tsakin masara kofi 4, a wanke a tsane, a turara a madambaci minti 20. Ki naɗe mahaɗar tukunya da madambaci da jiƙaƙƙen tsumma, in tururi yana fita ta gefe dambun tsaki-tsaki zai fito ko awa nawa ya yi. Kafin nan kin jiƙa busasshen shu kofi 2 a ruwan ɗumi minti 20, kin tafasa busasshiyar zogala kofi 2 minti 15 zuwa 20 kin zubar da ruwan, don ita jiƙo kawai ba ya kashe mata ɗaci. Ki matse su da hannu biyu har ruwa ya daina ɗiga. Ganyen da ba a matse ba shi ke caɓe dambu. Ki juye tsakin a roba, ki yayyafa ruwa kaɗan, mai, gishiri, albasa, dakakken tattasai, ki zuba ganyen ki murje da hannu, ki mayar madambaci ba tare da kin danna ba, minti 20 zuwa 25. A ci da soyayyen mai da albasa da garin ƙuli-ƙuli. Yaron da ke tsince ganye a miya ba ya iya tsince shi a nan.

Kuɓewa busasshiya: romo lita 2, gari cokalin miya 6 zuwa 8. Ruwa yana tafasa a rage wuta, hannu ɗaya yana barbaɗawa ɗaya yana burgawa da maburgi. In kika juye gaba ɗaya gudaji ne. Ba a rufe tukunya, ba a wuce minti 7, kuma kauɗa ba ta shiga da yawa, tsami yana tsinke yauƙi.

Malamar Kiwon Lafiya, Sabon Gari

Iyayena sun faɗi gaskiya, ƙari biyu ne da gyara ɗaya. Gyaran, Inna ki yi haƙuri, kanwa ce. Tana kashe tsami kam, amma tana tafiya da wani ɓangare na bitamin, kuma hannu yana zarcewa miya ta yi duhu da santsin sabulu. A miyar kuɓewa ƙwayar waken nan ba laifi. A jar miya gara a goga karoti ɗaya a soya tare da niƙan, zaƙinsa yana danne tsamin.

Na farkon ƙarin: mayafin da Hajiya ta ce, kada a musanya shi da gidan sauron da ake rabawa. Maganin ƙwari ne a jikin zarensa, bai kamata ya kusanci abinci ba.

Na biyu, wadda ke son ɗanɗanon ɗanyen tumatir a damina kuma ba ta dogara da firigo ba, ta yi na kwalba. A niƙa tumatir zalla, a dafa har ya koma rabi. Kwalabe masu murfin ƙarfe marar tsatsa, irin na mayonez, a tafasa su da murafensu. A kowace lita a sa ruwan lemun tsami cokalin miya 2, a zuba tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar santimita 2 a sama, a goge baki a ɗaure. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben, ruwa ya rufe su har ya haura da yatsa biyu, a dafa minti 50 daga lokacin da ya fara tafasa. In sun huce murfin zai lotsa ciki. Wanda bai lotsa ba a ci shi a ranar.

Abin da nake roƙo, kada a haɗa da albasa, tattasai, karoti ko mai wai don a huta da niƙa. Tsamin tumatir da lemun shi ke hana wata ƙwayar cuta tsirowa a rufaffiyar kwalba. Kayan nan ba su da tsami, suna rage shi, gubar da ƙwayar ke yi kuma tana shanye jiki har ta kashe, wani lokaci ba wari ba canjin launi. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta huce iska da ƙarfi wajen buɗewa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Mai Lambu, Mirya

Tunda Malama ta taɓo magani, ƙanwata ki kula da shu. Tsutsa tana son sa, don haka yana cikin kayan da aka fi yi wa feshi, kuma kowane magani da kwanakin da ake jira kafin a yanka, a rubuce a jikin kwalbarsa. Mai lambu ya san ranar da ya fesa, wanda ya yanka da dare bai sani ba, shi ya sa kabejin da ba a san lambunsa ba ya fi kowanne haɗari, ga mai saye da ɓarawon da ya kai wa iyalinsa. Ki saya wurin wanda zai iya gaya miki daga inda kayan suka fito, Mirya ne, Gidimuni ne ko Matamai. Ki ɓare ganye uku na waje ki zubar, wanda kuma kika ji yana warin magani ki bar shi ko kyauta ne. Ki yi ƙoƙari ki gama shanyarki cikin Fabrairu da Maris, domin da zafin Afrilu ya kama, tumatir yana ƙanƙancewa kuɗinsa ya fara hawa.